Ukun Makiyaya

Kwamfutocin hannun sun iso ƙauyen a watan Oktoba, cikin kwali biyu, a bayan motar da ke kawo wa makaranta kwal. Guda sha ɗaya ne, daidai da sunayen 'yan aji tara. Burul, malamar lissafi, ita ta sa hannu ta karɓa. Ta yi karatun shekara shida a Sibiriya kafin ciwon mahaifinta ya dawo da ita duwatsun Narin, kuma a ganin mutanen ƙauyen duk wanda ya je can ya san kan kowace na'ura.

Wata jami'a daga ofishin ilimi na gunduma, Saltanat, ta biyo kayan. A tsaye ta yi bayani, ba ta ko cire rigar sanyinta ba. Kowane ɗalibi da tasa na'urar, da sunansa a sama. Na'urar za ta yi masa tambaya. In ya ci, ta kawo wadda ta fi wuya. Tana ƙirga awannin da ya zauna. Duk Juma'a tana aika komai ofis da kanta. Sunan da ya yi shiru mako uku, za a cire shi daga rajista. Ta sha shayi rabin kofi ta shiga mota. Kafin yamma yaran sun raɗa wa na'urar suna allo.

Toktosun, shugaban makarantar, ya kira Burul ofishinsa ya rufe ƙofa. Tsoho ne mai shekara sittin da biyar, ya koyar da rabin ƙauyen.

Sunaye sha ɗaya ne a aji tara, amma yara bakwai ke zuwa. Huɗu suna can bayan dutse da iyayensu, inda tumaki ke cin sanyin hunturu, tafiyar rabin yini a kan doki. Haka abin yake tun da aka gina makarantar. Ba a rubuta wa ɗan makiyayi fashi. Maki daga biyu ne zuwa biyar, shi kuwa uku ake ba shi, wato ya tsallake da ƙyar. Da kaka uban ya sauko da cinyar rago ya gaishe da malamai. Makarantar gaba ɗaya sunaye sittin da biyu gare ta. In suka gaza sittin, a rufe ta, a mai da yaran wani ƙauye a hayin kogi, kilomita ashirin da takwas, kan hanyar da ƙanƙara ke toshewa tun Disamba.

"Agai," in ji Burul, kamar yadda ake kiran malami namiji a nan, "rajistar takarda tawada take sha. Wannan ba ta shan tawada."

"To me take sha?"

"Awa biyu a mako, kowane suna. Sai an zauna an amsa tambayoyi."

"To a zauna a amsa mana. Ta ce miki lallai sai yatsan wane?"

"Ƙarya ce fa, Agai."

"Ƙarya?" Ya cire tabarau ya dube ta. "Ubanki da irin wannan ukun ya gama aji takwas. Benci ɗaya muke zama da shi, ranar da ya ga damar zuwa. Ga shi ya haifi 'yar Sibiriya, tana koya mini gaskiya. Je ki yi aikinki, 'yata."

Ta je ta yi.

Matsalar lokaci ce. Da hunturu wutar lantarki awa uku take zuwa a yini, sanyi kuma yana shanye batir tun kafin a kai rabin darasi. Burul ta shimfiɗa bargon gashin tumaki a cikin akwati, tana kwantar da allunan kusa da murhu kamar jariran awaki. Duk da haka minti arba'in kawai suke bayarwa a rana. Sunaye biyu na makiyayan ta raba wa yara shida su riƙa karɓa-karɓa. Sauran biyun, na Kubat da na Ulan, ta miƙa wa Sezim.

Sezim shekararta sha biyar, siririya, mai cizon hannun riga in tana tunani. Aikin da aji ke yi a minti arba'in, ita a goma take gamawa. Wurin kakarta take zaune. Uwarta tana ɗinki a wata masaƙa a Bishkek, kuma ta riga ta aiko cewa akwai keken ɗinki yana jiran yarinyar da zarar ta gama aji tara, domin a nan makarantar ƙauyen ta tsaya. Hanya ɗaya ce ta kauce wa keken: makarantar kwana ta kimiyya da ke birni, wadda ke ɗaukar ɗalibi ɗaya daga kowace makarantar ƙauye, kyauta, har da abinci. Kowa ya san bana gurbin na Sezim ne. Ko gardama ba a yi.

"Ki riƙa kuskurewa," in ji Burul ranar farko. "Biyu daidai, ɗaya ba daidai ba. Uku muke nema musu, ba biyar ba."

"Eje," in ji Sezim, kamar yadda ake kiran malama, "in na san amsar, ta yaya zan kuskure?"

"Ki danna wata."

"Nawa allon fa?"

"Ke ai kina nan, kowa na ganinki. Ki taɓa shi minti goma ranar Juma'a don kar sunan ya mutu."

Kwana biyu Sezim ta yi tana danna wata. A na uku ta daina, ba ta gaya wa kowa ba.

A Disamba Burul ta leƙa ta kan kafaɗar Sezim, ta ga allon Kubat ya bar lissafin aji tara, ya ratsa na aji goma, yana taɓa na sha ɗaya. Ya kamata ta karɓe shi. Sai ta jawo kujera ta zauna. Tambayar da ke kan gilashin ta ɗauke su minti ashirin su biyu, da alli, a kan babban allon bango, sauran yara suna jifan juna da takarda. Tun dawowarta gida ba ta yi gumi a kan lissafi ba sai ranar. Daga nan kullum sai ta jawo kujerar. Sunan yana nan a kusurwar sama, Kubat ɗan Jumakadir, kuma tana ganinsa. Ta ce wa kanta ba komai: jarrabawar shiga makarantar kwana a takarda ake yi, a watan Afrilu, kamar yadda ita ma ta yi a zamaninta. Takarda ba ta tambayar wane allo ka riƙe.

Yaran suka koma kiran Sezim da Kubat baike, wato yaya Kubat.

"Kubat baike, ina ka ɗaure dokinka?"

"Yana waje yana cin aikin gidanka," in ji ta ba tare da ta ɗago ba. "Ya ce ba gishiri."

Wata takarda ta zo daga ofis a tsakiyar Maris. Bana ba jarrabawa. Ofis ya ce na'ura ta fi takarda adalci, tun da ta ga aikin shekara guda, ba na awa uku ba, kuma ba ta da ɗan'uwa. Za a ɗauki na ɗaya a kowace makaranta. A tasu, Kubat ɗan Jumakadir ne, wanda ya zo na ɗaya a gundumar baki ɗaya.

Burul ba ta ga takardar ba sai washegari. Toktosun ne ya buɗe ta, ya sa a aljihu, ya ɗaura sirdi. A yankin nan albishir ba ya kwana, kuma wanda ya riga kowa kai shi shi ke karɓar tukwici. Washegarin, labari ya riga ya karaɗe ƙauyen, da la'asar ta hango shi ta taga yana saukowa daga dutse, yana janye da wani jan duƙushi a bayan dokinsa.

Ta same shi a bayan makaranta yana ɗaure duƙushin.

"Agai, ka san wanda ya yi aikin nan."

"Na sani."

"Amma ka kai albishir."

"In ban kai ba, direban kwal zai kai. Shi ma ya ji. Gara ni." Ya shafa wuyan duƙushin. "Kar ki dube ni haka. Uku na ce miki. Shekara arba'in ina ba da uku, ba a taɓa aiko wa kowa takarda ba."

"Zan rubuta musu gaskiya."

"Rubuta. Kin iya rubutu. Sai su zo su duba sunaye huɗun nan, su cire. Sittin da biyu a cire huɗu, nawa ke nan, malamar lissafi?"

Ta juya za ta tafi.

"Ki je aji ɗaya ki dubi ƙafafun yaran," in ji shi. "Sannan ki rubuta."

Sezim ta riga ta ji a bakin yara. Ta jira aji ya watse, ta zo ta tsaya gaban teburin.

"Eje, ni ta nawa ce?"

"Ta takwas."

"Ulan fa?"

"Na biyu."

Yarinyar ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci. "Ashe ni ce ta ɗaya, ni ce ta biyu, ni ce ta takwas." Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo. "Kaka ba ta sani ba tukuna. Tana saƙa mini safa ta zaman birni."

Ranar Lahadi Burul ta ari doki ta haye dutsen. Gidan hunturun Jumakadir ɗaki biyu ne na laka, da shingen dutse cike da tumaki masu ciki. Fatun raguna uku suna shanye a kan shingen, sababbin fiɗa. An zaunar da ita a wurin manyan baƙi, nesa da ƙofa. Aka kawo shayi da madara, da soyayyen ƙullin fulawa da suke kira borsok, da nama. Sai da ta ci aka bar ta ta yi magana. Kubat yana tsaye a bakin ƙofa, ƙato, hannayensa duk sun tsattsage da sanyi.

"Jumakadir baike, ɗanka bai taɓa allon nan ba ko sau ɗaya."

"Na sani, Eje. Yana nan tare da ni tun Satumba. Ina zai taɓa shi?"

"Kubat, bakwai sau takwas?"

Yaron ya sosa ƙeya. "Hamsin da wani abu. Eje, in tumaki ne, ko ɗari uku ne zan gaya miki wacce ta ɓata, da sunan uwarta. Ni ba na son zuwa birnin nan. An ce ko kare ba a bari mutum ya riƙe."

"Rufe mana baki," in ji uban. "Je ka duba baƙar tunkiyar can."

Yaron ya fita.

"Ka ce ba ka so," in ji Burul. "Ka ce kana bukatarsa a wajen kiwo. Ba wanda zai zarge ka."

Jumakadir ya yanko kitse ya ɗora a gabanta. "Albishir ya shigo gidan nan ta wannan ƙofar. Na ba da duƙushi. Na yanka raguna uku. Dattawa sha biyu sun zauna inda kike zaune, sun ɗaga hannu sun sa wa yaron albarka. Surukina ya taso daga kwari biyu ya zo, wanda shekara ashirin yana cewa zuriyarmu ba ta da kai. Yanzu in bi su gida-gida in ce su dawo mini da naman, ni in mayar musu da albarkar?"

"Yarinyar za ta tafi ɗinki."

"Allah ya sa mata albarka a ɗinkin. Na san kakarta, mutuniyar kirki. Zan aika musu tunkiya." Ya goge wuƙar a burodi. "Amma ki gaya mini, Eje, ni na roƙe ku biyar? Ukun da aka ba ni, aka ba ubana, shi na sani. Ke kika rubuta sunansa a sama. Kuma ko na janye, wa ke biye? Uban Ulan ya riga ya turo sau biyu a tambayo ko Kubat yana lafiya."

Da za ta tafi matarsa ta cusa mata ƙunshin nama a jakar sirdi. Ba a ƙin karɓa. Ta sauko da shi.

Ta rubuta wasiƙar ranar Litinin, shafi biyu, da sunaye da ranaku, ta sa hannu. Ranar Laraba ta ɗauki Sezim suka shiga ƙaramar bas zuwa gunduma. Wasiƙar tana cikin jakarta. Ta nuna wa yarinyar ambulan ɗin a hanya.

Sezim ta zauna a benci a baranda. Saltanat ta tarbi Burul da hannu biyu, ta sa aka kawo shayi da alewa, ta juyo mata da fuskar kwamfutarta.

"Ku kuka fitar da mu kunya, Burul eje. Dubi nan. Makarantu uku za a rufe bana, sunayensu sun yi ta mutuwa tun Nuwamba. Malaman can sun kasa jawo 'ya'yan makiyaya. Ku kuwa ko ɗaya bai faɗi ba, har ɗan makiyayi ya zo na ɗaya. An cire ku daga jerin waɗanda za a rufe. Jiya aka sa hannu."

"Na zo da wata yarinya," in ji Burul. "A ba ta takarda da alƙalami, awa ɗaya. Kowace tambaya kuke so."

"Sunanta?"

Ta faɗa. Saltanat ta buga, ta ɗan ja baki.

"Awa huɗu da minti goma a shekara. Ba ta kuskure ko ɗaya ba, gaskiya, amma awa huɗu? Wannan ai ba ta son karatu."

"Tana so."

"To me ya hana ta?" Saltanat ta ajiye kofinta. Ita ma 'yar ƙauye ce, an ji a harshenta. Ta dubi jakar da ke kan cinyar Burul, ta yi magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Ba ni da ikon ba kowa takarda. Sai dai in wani abu ya faru da na'urorin. In ya faru, ki ba ni a rubuce. Dole in shigar, dole a turo mutane su kira sunayen makarantar duka, yaro ya tashi a gan shi. Daga nan ba hannuna a ciki. Ba kuma na ce yarinyar za ta samu gurbin ba. Wataƙila a soke na makarantar gaba ɗaya. Akwai abin da ya faru, Eje?"

Burul ta sa hannu a kan zip ɗin jakar. Ta riga ta je aji ɗaya ranar Talata, kamar yadda tsohon ya ce, ko da yake ba ta yi niyya ba. Yara tara. Biyu takalman yayyensu suke sawa, an cusa tsumma a gaba. Ta san hanyar hayin kogi. A kanta motar asibiti ta maƙale da mahaifinta. Ta kuma san cewa wannan lissafin na ɓoye wasiƙar ya zo mata da sauƙi ƙwarai, har da aikinta a cikinsa, kuma ba ta yarda da lissafin da ya zo da sauƙi ba. Ta nemi kuskuren. Shayin ya huce tana nema.

"Babu," in ji ta.

"To madalla. Ɗauki alewa ki kai mata."

A baranda Sezim ta dubi jakar, ba fuskar malamar ba.

"Kin ba ta?"

"A'a."

"To."

Ta karɓi alewar ta sa a aljihu. A bas suka zauna kujera ɗaya. Sun wuce gada, sun fara hawa, sai yarinyar ta ce, "Eje, tambayar nan ta da'ira biyu da ta gagare mu. Na gano ta ina zaune a bencin." Ta goge raɓar gilashin taga da hannun riga, ta hura masa numfashi, ta zana da yatsa. Layi ɗaya ta ƙara, daga tsakiyar ƙaramar da'irar, wanda Burul ba ta taɓa tunaninsa ba. Daidai ne. Kafin su kai kwanar gaba zanen ya narke ya gangara.

An kaɗa ƙararrawar rufe shekarar karatu a ƙarshen Mayu. Washegari da safe Sezim ta shiga bas ɗin Bishkek da jaka ɗaya da safar kakarta. Tunkiyar Jumakadir ta iso bayan mako guda.

Kubat ya tafi birni ranar ɗaya ga Satumba cikin sabuwar kwat. Kwana sha tara ya yi. Ya dawo a bayan motar shanu, kwat ɗin a naɗe a hammata, bai ko tsaya a ƙauyen ba, ya wuce dutse. Gurbin aka ba ɗan wani a birni. Duƙushin yana nan a bayan makaranta, ya yi ƙiba.

A Oktoba ofis ya goge allunan ya sa sababbin sunaye. Toktosun ya shigo aji ya ajiye 'yar takarda a teburin Burul: biyar ne bana a bayan dutse. Ya fita.

Minti sha biyu da fara darasi wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Eje, na gama. A ba ni wani?"

"Ci gaba da naki."

"Ya ƙare."

"Bai ƙare ba. Danna gaba."

Da aka tashi da azahar, Burul ta ƙara kwal a murhu, ta fito da alluna biyar daga cikin bargo ta jera a tebur. Awa goma ke nan a mako, in batir ya yarda. Ta ɗauki na farko. Tambayar ta 'yan aji bakwai ce. Ta amsa daidai, wani tauraro ya fito yana rawa a gilashin. Ta amsa ta biyu daidai. A ta uku ta karanta amsoshin huɗu, ta ga wadda ita ce, ta danna ta kusa da ita.